Shaidar mai fiton kaya: daga bakin teku zuwa Tawa

Ni mutumin Tawa ne, haihuwar Adar, ƙasar dutse da faƙo, inda ruwan da muka tashi muka sani shi ne na rijiya da na tabki. Allah cikin ikonsa ya ajiye abincina a bakin teku. Aikina fiton kaya, abin da mutane ke ce wa tiranziter: ɗan kasuwa ya sayo kaya a Sin ko Dubai ko Indiya, ni in tarbe su a tashar jirgin ruwa, in bi masu takardu har su shigo gida. Na zauna Kwatano, na zauna Lome, yanzu ina Yamai. Shaida zan bayar a kan wannan aiki, domin na ga mutanen kirki da yawa sun karye a cikinsa, kuma mafi yawansu ba ɓarawo ya karya su ba, kwanaki ne suka cinye masu jari.

Mutum na iya ƙare rayuwarsa a Tawa bai taɓa ganin teku ba. Amma shinkafar da ke tukunyarsa, da madarar shayinsa, da tayar motonsa, da maganin da aka rubuta wa ɗansa a likita, kusan duk ta ruwa suka zo. Nijar ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Ƙofofinmu suna ƙasashen maƙwabta: Kwatano a Benin, Lome a Togo, Tema a Gana, Abijan a Kodibuwa, sai Legas a Najeriya.

Kwatano ce mafi kusa da Yamai, kilomita 1,000 da ɗan ɗoriya. Kafin a rufe iyaka a 2023, mota kan tashi ta bi Faraku, ta kai Malanbil, ta haye gadar Kwara ta shigo Gaya, sannan Doso. A Doso hanya ke rabuwa: mai zuwa Yamai ya yi yamma, mai zuwa wajenmu ya yi gabas ta Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya karya arewa a Tsarnawa ya nufi Tawa. An buɗe tashar Kwatano a 1965. Kafin nan wata doguwar gadar ƙarfe ce ta shiga cikin teku, jirgi ya tsaya nesa, ƙananan jirage su riƙa jido kaya. Akwai layin dogo na kilomita 438 daga Kwatano zuwa Faraku, wanda Benin da Nijar suka kafa wa hukumar haɗin gwiwa a 1959, wadda daga baya aka sa wa suna OCBN. Ta nan yuraniyom na Arlit ya daɗe yana fita, bayan ya ratso Agadas da Tawa a mota. Ita kuwa tashar Lome an buɗe ta a 1968, kuma abin da ta fi sauran da shi zurfi ne, ya wuce mita 16 a sabon wurin sauke kwantenoni, don haka manyan jirage ke iya tsayawa. Hanyarta ta fi tsawo, wajen kilomita 1,200, kuma dole a ratsa Burkina Faso: iyaka biyu ke nan maimakon ɗaya.

Aikin yana farawa tun jirgi bai tashi ba. Abin farko da nake tambayar mai kaya shi ne: “Alhaji, a kan wane sharaɗi kuka saya?” In FOB ne, mai sayarwa ya sa kayan cikin jirgi a tasharsu, ya gama nasa, kuɗin jirgi da asurans naka ne. In CAF ne, farashin ya haɗa da kuɗin jirgi da asurans har tashar sauka. Sabon shiga yakan ji an ce CAF Kwatano ya ɗauka an gama. Alhali saukewa daga jirgi, da kuɗin tasha, da ladan tiranziter, da mota, da duwan, wato kwastan, duk suna gaba, kuma su ne ke yanke ko za a ci riba.

Sai takardar jirgi, wadda muke ce wa BL. Ita ce shaidar mallaka. Wanda ke riƙe da ita shi ke da kaya. Kafin a buga ta ƙarshe, kamfanin jirgi yakan turo samfuri a duba. Wannan dubawar ta minti goma ta fi duk wani gudu da za a yi daga baya. A duba sunan mai karɓa harafi da harafi. A duba yawan katan ko buhu, da nauyi, da lambar kwantena, da lambar hatimin da aka kulle ƙofa da shi, a tabbata sun yi daidai da rasit da takardar jerin kaya. Sannan a tabbata an rubuta ɓaro-ɓaro cewa kayan wucewa za su yi zuwa Nijar. In wannan layin ya ɓace, duwan na ƙasar tasha za su ɗauke su a matsayin kayan da za a sayar a ƙasarsu. Gyara bayan jirgi ya miƙa jerin kayansa yana yiwuwa, amma da kuɗi, kuma da kwanaki, domin sai saƙo ya koma can inda aka yi lodi an amince.

Jirgi daga kudancin Sin yakan yi wata ɗaya da rabi zuwa biyu a hanya, musamman in an sauya wa kwantena jirgi a wata tasha. Wannan lokacin na aiki ne. A cikinsa ake ƙarasa biyan mai sayarwa don ya saki asalin BL, ake karɓar takardar bin sawun kaya, BSC, ta CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, ake turo wa tiranziter kwafin komai, ake tanadin kuɗin fito. Abin da ya fi ba ni takaici a aikin nan shi ne wayar da ke shigowa ana ce mini: “Malam, an ce jirgi ya iso jiya,” alhali ban ga takarda ko ɗaya ba.

Domin daga ranar da kwantena ta taɓa ƙasa, agogo biyu ke tashi. Ɗaya na tasha ne: an ba ka ƴan kwanaki kyauta, bayansu kuɗin ajiya ya fara hawa. Ɗayan na kamfanin jirgi ne, kuma shi ya fi cizo. Kwantena ba taka ba ce, aro ce. An ba ka kwanaki ka kwashe kayanka ka maido ta, in sun wuce ka fara biyan abin da ake ce wa surestari, kowace rana, kowace kwantena, har da Lahadi da ranar salla. Kuma hawa-hawa ne, kuɗin mako na uku ya fi na makon farko. Ɗan kasuwar Kwatano mai shago kusa da tasha ba ya jin wannan sosai, yau ya ɗauka jibi ya mayar. Mu da za mu kai ta Tawa mu dawo da ita, a nan wuyanmu yake. A ce an ba ka kwana 21. Takardu a tasha su ci mako guda, neman mota da lodi kwana uku, hanya da jiran iyaka mako guda, duwan na gida kwana huɗu: 21 sun cika, kwantena ba ta ma juyo ba. Kafin a ba ka ita kuma sai ka ajiye kuɗin jingina, kosiyo, kuma daga cikinsa ake yanke duk abin da ya hau.

Mafita uku na sani. Ta farko, a nemi ƙarin kwanakin kyauta tun lokacin kama wuri a jirgi, a sa a rubuta. Bayan jirgi ya iso ba mai saurarenka. Ta biyu, a fasa kwantena a tasha, a juye kayan cikin mota a maida masu abinsu nan take. Wannan yana tsayar da agogon kamfani, kuma direba ya fi so, don zai samu lodin dawowa. Amma duk hannun da ya taɓa katan yana rage masa daraja: wani ya fashe, wani ya jiƙe, wani ya yi ƙafa. Shinkafa da sukari da ƙarfen gini suna jure wannan. Tayil, da gilashi, da kayan lantarki, da magani, ni ban yarda a fasa su ba. Ta uku, ka sayi tsohuwar kwantena taka ta kanka a can, ta zo da kaya ta zauna. Yawancin kwantenonin da aka maida shaguna da ɗakunan ajiya a Yamai haka suka zo. Sai dai a duba farantin ƙarfen da ke jikin ƙofarta mai nuna tana da izinin hawa jirgi, a kuma sa mutum ya shiga ciki a rufe shi da rana: duk inda ya ga haske, nan ruwa zai shiga.

Zaɓen girma ma ilimi ne. Mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen mita kubik 33, mai ƙafa 40 wajen 67, doguwarta mai ƙarin tsayi 76. Amma nauyin da aka yarda masu kusan ɗaya ne, kilo 30,480 har da nauyin kwantenar kanta. Saboda haka kaya mai nauyi, kamar tayil ko batir ko shinkafa, ƙaramar ake sa wa. Kaya mai cika wuri ba nauyi, kamar katifa da robobi da takalma, babbar. Shinkafa buhun kilo 50, ƙaramar kwantena tana cin 500, tan 25 ke nan. Kuma abin da jirgi ya yarda da shi daban, abin da hanya ta yarda da shi daban. Dokar 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta tsayar da tan 11.5 a kan aksul guda, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, babbar tirela mai aksul shida kuma tan 51 gaba ɗaya, har da nauyin motar. Mai son rage kuɗin mota yakan ɗora ƙananan kwantenoni biyu na shinkafa a tirela ɗaya. Tan 50 na shinkafa, da sama da tan 4 na kwantenonin, da motar kanta: an doshi 70. In sikeli bai kama shi ba, taya da sifirin za su kama shi a daji. Wannan lodin ne kuma ke farfasa kwaltar da dukanmu muke bi.

Akwai ɓarnar da mutumin Adar ba ya kawo ta a ransa, don bai saba da ita ba: gumin kwantena. An yi lodi a ƙasa mai laima, an rufe iska mai ɗauke da ruwa a ciki. Da rana ƙarfe ya yi zafi, katan da katakon da aka jera kaya a kai su saki danshi. Da dare rufin ya yi sanyi, danshin ya taru a samansa ya riƙa ɗiga. Ranar buɗewa a Yamai, jami'in duwan yana tsaye, mai kaya yana tsaye, a karanta lambar hatimi a gwada da takarda, yaro ya kawo babban almakashin ƙarfe ya datse shi. Ƙofar dama ake fara buɗewa, a tsaya gefe, don kaya na iya zubowa. Wari ne ke fara gaya maka. Sai ka ɗaga kai ka ga ɗigon ruwa jere a rufi kamar an yi yayyafi, katan na sahun sama sun yi laushi sun lotsa, tambarin jikinsu ya narke, na ƙasa kuwa lafiya lau. Hatimi bai taɓu ba, ba huda ko ɗaya, ruwan daga ciki ya fito. Maganinsa mai araha ne: jakunkunan shan danshi a rataye a bango, takarda mai kauri a shimfiɗa bisa sahun sama, katako busasshe, a kuma bar ɗan sarari tsakanin kaya da rufi. In ɓarna ta riga ta auku, a dakatar da saukewa, a ɗauki hoto da lambar kwantena a ciki, a kira mai duba ɓarna na kamfanin asurans kafin a taɓa komai. Wanda ya kwashe kaya zuwa shago sannan ya kai kuka, da wuya a biya shi.

In kaya sun fito daga tasha, ba a biya masu harajin ƙasar ba, a kan lamuni suke tafiya. Duwan na can su sa nasu hatimi, su liƙa na'urar bin sawu, su rubuta hanyar da za a bi da ofishin da za a fita. Sai takardar wucewar kayan ta isa ofishin fita an rufe ta sannan lamunin ke sauka daga wuyan tiranziter. Direban da ya kauce hanya don ya gaida gida, ko ya sauke wa wani buhu goma a ƙauye, ya jawo wa kowa tara. A rabon lodi kuma akwai tsohuwar yarjejeniya: kashi biyu cikin uku na kayan Nijar na motocin Nijar ne, ɗaya na motocin ƙasar tasha. Shawarata a nan ɗaya ce, kada a ba direba kuɗin mota duka a tasha, kada kuma a ƙuntata masa kuɗin hanya. Motar da gazuwal ya ƙare mata a Kandi, a arewacin Benin, tana jiran aike, agogon kwantena bai tsaya jiranta ba.

Harajin gida lissafi ne da kowa zai iya yi tun kafin ya sayi kaya. Kaya sun kasu aji biyar: sifili, 5, 10, 20, da 35 cikin ɗari. A ce duwan sun tsayar da darajar kayanka miliyan 10 na sefa, ajinsu kuma na 20 ne. Haraji miliyan 2. Kuɗin ƙididdiga 1 cikin ɗari, jaka 100. TVA, harajin da ake ɗorawa kan darajar kaya, 19 cikin ɗari ce, kuma ba a kan miliyan 10 ake ɗora ta ba, a kan jimillar ne, miliyan 12 da jaka 100, ta ba da kusan miliyan 2 da jaka 300. Ka tashi da wajen miliyan 4 da jaka 400, ban da ƙananan kuɗaɗen da ke biye. Masu rage daraja a rasit, ko su kira kaya da sunan da ba nasa ba don ya faɗa ƙaramin aji, suna manta cewa jami'in ya ga irin kayan sau ɗari. In ya ƙi yarda, ga tara, ga mota tsaye a harabar duwan, ga direba yana lissafa kwanakinsa.

Duk wanda bai san darajar tashar ruwa ba, 2023 ta sanar da shi. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki, ranar 30 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, iyakar Benin da ta Najeriya suka rufe. Ɗaruruwan motoci suka yi layi a Malanbil, da abinci da magani a cikinsu, suna hangen Gaya a ƙetaren ruwa. Kwantenonin da ke Kwatano suka zauna, agogo biyun nan suna tafiya. Kuma abin ya haɗu da wani: ƴan kwanaki kafin nan, ranar 20 ga Yuli, Indiya ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, ga shi daga can da yawan shinkafarmu ke zuwa. Uwar gida a Tawa da ba ta san inda Kwatano take ba ta ji abin a kuɗin cefane. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, na Nijar ya ci gaba da zama a rufe, mutane da ƙananan kaya suna hayewa a kwalekwale.

Kaya suka koma Lome. Tsohuwar hanyar Fada Ngurma da Kancari da Torodi ta yi haɗari saboda ƴan bindiga, sai aka koma ta garin Kaya da Dori a shigo ta Tera, cikin ayari, da rakiyar soja. Ayari ba ya tashi don kai ka shirya. Sai motoci sun taru, sai masu rakiya sun ce a tafi. Tafiyar da aka saba yi cikin mako guda ta koma ta makonni, wani lokaci fiye da wata. Akwai direbobi da yaran mota da suka bar gida a kan wannan hanya ba su dawo ba, Allah ya jiƙansu da rahama. A irin wannan tafiya duk lissafin da na yi a sama sai an sake shi: kusan ba mai fita da kwantenar aro, fasawa ake yi a Lome, kuɗin mota ya hau don mota ɗaya ba ta iya yin sawu da yawa a shekara, kuma kaya mai ƙarewar wa'adi, kamar madara da magani, sai an duba kwanan watansa tun wajen saye. Ko man fetur ɗinmu na Agadem, da aka ja masa bututu na kusan kilomita 2,000, a bakin tekun Benin yake ƙarewa, a Seme, inda jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024.

Abu na ƙarshe ya shafi manomi kai tsaye, kuma shi ne ƴan'uwana na Adar ba su cika haɗa shi da teku ba. Motar da ta hauro da shinkafa ba ta son komawa wayam. In ta sauke a Tawa ko Ƙonni, sai ta nemi albasa a Galmi, ko Madawa, ko Tsarnawa, ko Tamaske, ta gangara da ita Kwatano, Lome, Akara ko Abijan. Haka wake, haka raguna in layya ta gabato. Mai motar ya riga ya ci rabin kuɗinsa a hauhawa, shi ya sa yake iya sauke wa mai albasa farashi a gangara. In kayan tasha suka daina haurowa ta wata hanya, motocin gangara su yi ƙaranci, kuɗin buhu ya tashi, dillali ya rage abin da zai ba manomi a bakin gona. Albasa kuma ba shinkafa ba ce da za ta jira ayari. Wadda za ta yi doguwar tafiya sai an daina ba ta ruwa kafin cira, an bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe, an tsince mai rauni, don guda ɗaya ruɓaɓɓiya tana ɓata buhu. Da yamma ake lodinta in rana ta yi sanyi, ba a danne ta da tanti ruf, ana bar mata inda iska za ta ratsa. In motar ta tsaya kwana uku a rana a bakin iyaka, yaron mota yakan zagaya ya duba ƙarƙashinta: da ya ga ruwa ya fara ɗiga daga sahun ƙasa, sai a kira mai kaya a waya, ya zaɓa ko a ƙarasa da ita, ko a sayar a garin da ake tsaye.